Sankarar Burkitt: Magani ya ƙaru, amma yaron Lausu na tsere da lokaci

A shekarar 2020 aka wallafa sakamakon wani gwaji na ƙasa da ƙasa da aka yi kan yara da matasa 328 masu fama da sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki mai saurin yaɗuwa, akasarinsu nau'in Burkitt. Waɗanda aka haɗa musu kemoterafi da maganin rituximab, kusan kashi 94 cikin ɗari sun kai shekara uku ba tare da cutar ta dawo ko ta ci gaba ba, yayin da masu kemoterafi kaɗai suka tsaya a kashi 82. Rituximab garkuwa ce da aka ƙera a ɗakin gwaji, tana manne wa wata alama da ake kira CD20 a jikin ƙwayoyin sankarar, ta nuna wa jiki inda zai kai hari.

Labarin ya shafi Arewa kai tsaye. Likita Denis Burkitt ya fara bayyana cutar a Yuganda a 1958, kuma ta fi addabar yaran yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, domin maimaita kamuwa da shi, haɗe da ƙwayar cutar Epstein-Barr, yana buɗe mata ƙofa. Ƙauyukan noma na kudancin Kano, irin su Lausu a ƙaramar hukumar Rano da maƙwabciyarta Kibiya, suna cikin wannan yanayi duk damina.

Sai dai an yi gwajin ne a asibitocin da ke da jinin ƙari da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kowane lokaci, domin maganin kansa yana raunana garkuwar yaro. A Lausu matsalar tana farawa tun kafin nan. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki, iyaye kan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, a nufi kemis ko mai maganin gargajiya, alhali ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin a bi ta babban asibitin Rano a isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗebi tsoka a gwada, makonni kan shuɗe. Sannan ga kuɗin mota da na jinya, ga gona da aka bari, abin da ke sa wasu iyalai janye yaro da zarar kumburin ya sauka, kafin a kammala magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya rituximab cikin jerin muhimman magunguna tun 2015, kuma Burkitt na cikin cututtuka shida da ta ba fifiko a shirinta na kai warkar da yara masu sankara zuwa kashi 60 nan da 2030. Amma asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya ya fara ne da sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara. Sanya sankarar yara cikin inshorar lafiya ta jihar Kano, da horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Rano da Kibiya su tura duk yaro mai irin wannan kumburi cikin kwanaki, zai fi ceton rai a yanzu fiye da sayo maganin kaɗai.