Allo Ya Kawo Naushi, Ya Baro Alƙalin Wasa

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin wasu abokan aikinmu malaman makaranta, har da wasu shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, wadda ya kamata a yi mata tankaɗe da rairaya. Idan aka koka da yadda faɗan keji da damben Turawa suka mamaye gidajen kallo da wayoyin samari a Tanut da Belbeji, sai su taɓe baki su ce ai dambe dambe ne, kakanninmu ma sun yi, mene ne sabo? Ni kuwa na ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya daidaita abin da ɗalibanmu suke kallo a yau da abin da aka gada a fagen kaka, ko dai bai taɓa zama a fage ba, ko kuwa bai taɓa leƙa wayar ɗansa ba.

A dubi kokowa, wasan da babu kamarsa a zukatan ƴan Nijar tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975. Sunayen Kantu na Maraɗi, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa namu na Damagaram, har gobe suna bakin dattawa. Dukansu ƙa'ida ɗaya ta ɗaure su: da zarar mutum ya kai ƙasa, magana ta ƙare. Wanda ya kayar yakan miƙa hannu ya tayar da abokin karawarsa, makaɗa su ɗauki kiɗa, a koma gida ana ba'a. Haka ma dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne bayan an kai amfanin gona rumbu. Duk da hannun da ake naɗewa da zare har ya yi tauri kamar dutse, duk da kalmar kisa da ake amfani da ita, kisan nan ba wani abu ba ne illa hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa. Turmi uku ne, ba a ƙarawa. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa har sunansa ya cika ƙasar Hausa, ya yi suna ne da kayar da maza a tsaye, ba da jibgar wanda ya kwanta ba.

To a faɗan keji, wanda kamfanin UFC na Amurka ya fara yayatawa a 1993, faɗuwa ba ta raba gardama. A nan ne ma ake bin mutum ƙasa, a haye ƙirjinsa, a yi ta kirɓa masa naushi da gwiwar hannu, ko a shaƙe shi, har sai ya sallama ko alƙali ya shiga tsakani. Wannan shi ne bambancin, kuma ba ƙarami ba ne, domin tarbiyya biyu ce mabambanta. Ɗaya tana koya wa yaro inda ƙarfinsa zai tsaya. Ɗayar, a yadda take iso mana, tana koya masa cewa faɗuwar abokin hamayya dama ce.

Na ce a yadda take iso mana, domin adalci ya wajaba ko ga abin da mutum ba ya so. Can inda ake wasan, akwai awon nauyi, akwai likita a bakin keji, akwai dokokin da suka hana dukan ƙeya da tsokane ido, akwai alƙalin da aikinsa kawai ya tsare ran wanda aka danne. Mu a nan me muke samu? Guntun hoto na daƙiƙa talatin, wanda aka yanke daidai inda naushi ya sauka, aka ɗora masa kiɗa, aka loda a katin waya ranar kasuwa. Allo ya kawo naushin, ya baro likitan da alƙalin a can. Yaron da ya kwaikwayi shaƙa a filin makaranta lokacin shan iska bai san daƙiƙa nawa ƙwaƙwalwa take jure rashin jini ba, kuma idan abu ya ɓaci, tsakanin Tanut da babban asibitin Damagaram akwai wajen kilomita 150, balle a yi zancen ƙauyukan Tarka da Tenhiya.

Finafinai kuwa sun fi tele iya ƙarya. Tun daga Rocky na 1976, darasin ɗaya ne: jarumi yana shan duka har fuska ta kumbura, ya miƙe, ya ƙara sha, a ƙarshe ya rungumi matarsa garau. Fim ba ya bin jarumin bayan shekara ashirin. Duniya ta ga Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974. Duniyar nan kuma ta ga hannunsa yana rawa sa'ad da yake kunna wutar wasannin Atlanta a 1996. A 1982 ɗan damben Koriya Kim Duk-koo ya rasu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Ray Mancini, wadda aka nuna kai tsaye a tele, har hukumar WBC ta rage turmin gasar duniya daga 15 zuwa 12. Faransa ma, wadda muke koyar da harshenta, ba ta halatta gasar faɗan keji ba sai a 2020. Ba ina nufin duk abin da Faransa ta yi ya zama hujja ba, Allah ya kiyaye. Amma abin lura ne cewa masu asibitoci sun daɗe suna ɗari-ɗari da abin da mu muka buɗe wa ƙofa ba tare da ko sallama ba.

Abin takaici shi ne masu shirya fim namu sun riga sun yi mana hannunka mai sanda, ba mu ɗauka ba. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un noir, marigayi Umaru Ganda, ɗan cirani mai dako a Abijan, ya sa wa kansa sunan tauraron Amurka, yana mafarkin ya zama zakaran damben duniya ya buge Hogan Kid Bassey na Najeriya, gari ya waye ya koma ɗaukar buhu. A 1966 Mustafa Alasan ya nuna saurayin da ya komo da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka birkita ƙauyensu. Sannan a 2021 Aisha Macky ta shiga unguwar Karakara da kyamara, ta nuna mana samarin da ake kira ƴan palais, masu ɗaga ƙarfe suna gina damtse domin babu wani aikin da ke jiran damtsen. Shekara sittin da ƴan kai ana faɗa mana abu ɗaya, kuma ban san makarantu nawa ne a Damargu suka taɓa nuna wa ɗalibai ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Sai kuma batun Francis Ngannou, wanda samari suke riƙe da shi kamar laya. Gaskiya ne ya tashi yana haƙar yashi a Batié ta Kamaru, ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya da Maroko, ya kwana a titin Paris, ya zama zakaran UFC a 2021, ya kai Tyson Fury ƙasa a Riyad a 2023. Labari ne mai daɗi, amma ga yaron da motocin Agadas suke wucewa ta ƙofar gidansu kullum, labari ne mai haɗari. Kyamara ta nuna mutum ɗaya da ya isa. Ba ta da hoton waɗanda rairayi ya rufe. Ko daren da Anthony Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu a 2024, ba shi ne aka fi turawa a waya ba.

Kada kuma a ɗauka ina tare da masu cewa a rufe gidajen kallo. An rufe ɗaki, an bar aljihu a buɗe, me aka yi? Laifin da nake gani namu ne. Damargu, wadda ake kira rumbun hatsi, ƙasar kaka ce, kaka kuwa ita ce uwar kokowa. Amma mun bar wasan ya zama abin kallo na kwana goma a Télé Sahel sau ɗaya a shekara, fagen ƙauye yana mutuwa, ƙungiyoyinmu suna ta taron bita a kan al'ada cikin harshen Faransanci. A Najeriya kuwa dambe ya hau YouTube, ya sami masu kallo har ƙetare, sai dai abin da aka fi yaɗawa shi ne lokacin kisa, ba tare da kirari da kalangu da gaisuwar bayan wasa ba. Idan muka yi sake, namu ma za a yanka shi gunduwa-gunduwa daidai da ɗanɗanon baƙo.

Ɗalibi nawa ne a ajinmu ya san cewa lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu, ɗan dambe ne ya kawo ta, wato Isaka Dabore, tagulla, a Munich a 1972? Ga darasin tarihi. Kirarin ƴan kokowa darasin adabin baka ne da ya fi rabin abin da ke cikin littattafanmu armashi. Malamin motsa jiki da tsohon ɗan kokowar unguwa za su iya haɗa gasar makarantu tsakanin Tanut da Gangara da Olelewa da Belbeji bayan girbi, a ware yara bisa nauyi, a sa alƙali da ma'aikacin lafiya. Wayoyin da ke aljihun ɗaliban su ɗauki wasan tun daga kiɗan shiga fage har zuwa inda wanda ya kayar ya miƙa hannu, kuma a hana kowa yanke wannan wurin.