Ƙiba mai yawa ciwo ce, kada mu saye ta da kuɗinmu



A wata makarantar yaƙi da jahilci da nake zagayawa cikin ƙasar Kurfai, akwai wata ɗaliba mai ƙwazo ƙwarai. Ita ce ta fara rubuta wasiƙa da hannunta a ajinsu. Bara sai ta daina zuwa. Na tafi gaishe ta, na iske ƙiba ta yi mata yawa. In ta zauna bisa tabarma, sai an kama ta kafin ta tashi. Salla ma a kan kujera take yi. Likita ya auna ta, ya sami hawan jini da ciwon sukari.

Ta ce mini: "Malam, ɗana da ke Yamai ya ce a ƙasashen waje ana rage wa mutum ciki da wuƙa don ya rame. Gaskiya ne?" Na ce: "Hajiya, gaskiya ne, amma maganar tana da tsawo." Ga amsar da na ba ta, domin kowa ya amfana.

Da farko, yaushe ne ƙiba take zama ciwo? Likitoci ba su duba da ido kawai. Suna auna nauyi, su auna tsawo, su yi lissafi. Ana ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in lissafin ya kai 25, nauyi ya fara yawa. In ya kai 30, ƙiba ce. In ya kai 40, ƙiba ce mai tsanani. Ga misali. Mace mai tsawon mita 1 da santimita 60, nauyin da ya dace da ita daga kilo 48 ne zuwa 63. In ta kai kilo 77, ta shiga ƙiba. In ta kai kilo 103, ta fi babban buhun gero nauyi, ta shiga mai tsanani. Hukumar ta ce a shekarar 2022, mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba.

Jiki mai irin wannan nauyi yana wahalar da zuciya. Yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa, da yankewar numfashi cikin barci. Mai juna biyu kuwa takan sha wuya wajen haihuwa.

To, yaya ake wannan aikin fiɗa, wanda ake kira tiyata? Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. A ta farko, likita yakan yanke wajen kashi 3 cikin 4 na tumbin mutum ya fitar. Abin da ya rage siriri ne, kamar ayaba. A ta biyu, yakan ware ƴar jaka daga saman tumbin, ya haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Wani likita ɗan Amurka, Edward Mason, shi ya fara wannan hanya a 1966. Bayan aikin, loma kaɗan take ƙosar da mutum, yunwa ma takan ragu. Yawanci mutum yakan zubar da kashi 1 cikin 4 na nauyinsa, wani har kashi 1 cikin 3. Mutane da yawa ciwon sukarinsu yakan lafa. A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987, aka bi dubban masu ƙiba shekara da shekaru. An ga waɗanda aka yi wa aikin sun fi sauran tsawon rai.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wannan aiki magani ne na gaskiya. Wanda ƙiba ta kayar, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ta ƙi sauka, babu kunya in ya nemi a yi masa. Kada mu yi masa dariya, kada mu ce kwaɗayi ne. Wani gadon gida ne, wani kuma wata cuta ce ta sa shi. Tun 2022, ƙungiyoyin likitocin wannan aiki suna ba da shawarar a yi shi ga wanda lissafinsa ya kai 35, ko 30 in yana da ciwon sukari.

Amma fa a san abin da ke biye. Fiɗa fiɗa ce: ɗinki yana iya yoyo, jini yana iya zuba. Makonnin farko sai abu mai ruwa-ruwa ake sha. Har ƙarshen rayuwa mutum zai riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, yana komawa a gwada jininsa. Mace za ta dakata da ɗaukar ciki shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi. Wanda ya koma ga cin da ya saba, ƙibar tana iya dawowa. Kuɗin aikin kuwa miliyoyin sefa ne, ga waɗanda ke tafiya Tunisiya ko Turkiyya ko Indiya. Daga Filinge zuwa Yamai kaɗai wajen kilomita 180 ne. Manomi nawa ne zai sayar da gona da garke, sannan ya riƙa wannan zirga-zirga? Akwai kuma sababbin allurai na rage ƙiba, amma suna da tsada, kuma in an daina, nauyin yakan komo.

Shi ya sa nake cewa mu duba tushen abin. Kafin in tashi, ɗalibar nan ta faɗa mini gaskiya. Bayan haihuwarta ta biyu, ta ji ana cewa mijinta ba ya ciyar da ita. Sai ta fara sayen ƙwayoyin ƙiba wurin mai tallar magani a kasuwa. Ta yi shekaru tana sha.

Mun san dalilin da ya sa muke son ƙiba. Ƙasarmu ta sha yunwa. Kakanninmu sun ba da labarin ta 1931. Iyayenmu sun ga ta 1973 da ta 1984, mu ma mun ga ta 2005. Wanda ya ga haka, in ya ga jiki ya cika sai ya ce arziki ne. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda ake yaba macen da ta fi ƙiba. Mu ma mai jego in ta gama wanka ba ta cika ba, sai a yi da danginta. Ciyar da mai jego wajibi ne, ba wanda ya hana. Abin da nake ƙi shi ne a ɗura mata magani.

Yawancin ƙwayoyin nan, irin su desametazon, an yi su ne don wasu cututtuka. Mai shan su ba tare da izinin likita ba, fuskarta takan kumbura, kitse ya taru a ciki da ƙeya. Jini yakan hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Mu manoma mun san turka: ragon da aka ɗaure ana dura masa dusa da harawa, ba don ya yi tsawon rai ake yi ba.

Ga shawarata:

1. Kada a sayi maganin ƙiba ko na ramewa a kasuwa.
2. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta daina rana ɗaya, akwai haɗari. Ta je asibiti, likita ya rage mata sannu-sannu.
3. A rage sukari a shayi da fura, a rage mai da lemun kwalba. A riƙe gero, da wake, da zogale, da kuka.
4. Wanda ba ya aikin ƙarfi, ya yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum.
5. A je asibiti a auna nauyi, da jini, da sukari, ko da sau ɗaya a shekara. Ku rubuta lambobin a littafinku, tun da yanzu kun iya.

Ku kuma maza, da ku surukai, maganar tana hannunku. Don bakinku ne mata da yawa suke shan ƙwayar nan. In kun daina auna darajar gida da faɗin jikin matar gida, mai tallar magani zai rasa ciniki. Kuɗin ƙwayar a sayi madara da ƙwai, a ba yaran da ke ramewa a gida ɗaya.

Ɗalibarmu tana bin maganar likita yanzu. Ta dawo aji, an ajiye mata kujera kusa da allo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.