Kafin Ku Sayar da Tsohuwar Kwamfutar Ƙungiya

Yau maganar kwamfuta zan yi, amma don Allah wanda bai iya ta ba kada ya wuce, domin abin ya shafi duk wanda yake da takarda ko hoto ko lissafi a cikin na'ura.

Kwanakin baya sakataren ƙungiyarmu ta nan Agege ya same ni da wata baƙar leda, a ciki akwai faifan CD uku da ƙananan faifan fulofi guda biyar. Masu dogon zama za su tuna cewa tsakanin 2002 da 2005 ƙungiya ta riƙa buga 'yar mujalla da Hausa. A ɗaya daga cikin fitowarta an jera sunayen duk waɗanda suka yi karo-karo aka sayi filin da aka faɗaɗa makarantar Islamiyya, da abin da kowa ya bayar. Yanzu wani magaji ya taso yana cewa mahaifinsa ne kaɗai ya biya. Dattawan da suka shaida, wasu sun rasu, wasu sun koma gida Arewa. Kwafen da ke ofis kuma ruwa ya cinye su tun tuni.

Sakatare ya ce, "Malam, ai komai yana cikin faifan nan, buɗewa kawai za ka yi."

Ashe ba haka abin yake ba. Sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙungiya ta saya ba ta da wurin sa CD, balle fulofi. Sai da muka je Computer Village a Ikeja muka samo na'urar karanta faifai ta waje. Faifai ɗaya ne ya amsa. Shafukan mujallar suna nan, amma manhajar da aka tsara su da ita ba ta hawa sabuwar kwamfuta. Rubutu ɗaya da ya buɗe kuwa, duk inda aka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai wasu baka-baka da alamomi suka fito a madadinsu. Na tambayi tsohuwar kwamfutar ofis, wadda komai yake zaune a cikinta daram. Aka ce an sayar wa 'yan jari-bola ranar da sabuwa ta iso, don ta tare wuri.

Ra'ayina a nan shi ne, laifin namu ne. Muna ɗauka cewa sabuwar kwamfuta ta gaji duk abin da tsohuwa ta sani, kamar yadda ɗa yake gadon gonar uba. Tarihin kwamfutocin gida tun farkonsu ya nuna ba a taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba.

Mai karatu, bari mu koma Amurka da Ingila a shekarun 1980, lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane. A wancan zamani mujallu ne kasuwar manhaja ta masu ƙaramin ƙarfi. Mujalla irin Compute!'s Gazette, wadda ta fara fita a 1983, takan buga furogiram layi-layi a shafukanta, yaro ya zauna ya kwafe shi da hannu harafi bayan harafi, sannan wasa ko lissafi ya fito a allon talabijin. Sai dai kafin ya fara dole ya duba sunan kwamfutar da aka rubuta a saman shafin. Kamfani ɗaya ne, Commodore, ya ƙera VIC-20 da Commodore 64, amma idan kana so ka sauya launin gefen allo, a VIC-20 lambar 36879 za ka taɓa, a Commodore 64 kuma 53280. Wanda ya kwafe furogiram ɗin wata ya sa a wata, ya yi aikin banza. Shi ya sa mujallar takan buga furogiram ɗaya sau biyu, kowace kwamfuta da nata.

Kamfanin bai tsaya nan ba. Commodore 64 ta fito a 1982 ta karɓu ƙwarai, aka rubuta mata dubban wasanni da manhajoji. A 1984 sai ya fito da sabuwa mai suna Plus/4, wadda ba ta iya ɗaukar akasarin kayan Commodore 64. Mutumin da ya tara kaset da faifai da tulin mujallu ya duba ya ga idan ya saye ta zai koma farko ne. Jama'a suka ƙi ta, ba ta daɗe ba aka daina ƙera ta. A 1985 kamfanin ya gyara kuskurensa da Commodore 128: idan ka rubuta GO 64, sai ta rikiɗe ta koma tsohuwar, kusan duk kayanka na da su yi aiki. A Ingila ma haka aka yi. ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 128K ta zo da zaɓin komawa yanayin tsohuwar mai 48K, amma bayan kamfanin Amstrad ya sayi sunan Sinclair a 1986, samfurin +3 da ya fitar a 1987 ya ƙi wasu tsofaffin wasannin.

Wani zai ce, to ai ga magani nan, a tilasta wa kamfanoni su riƙa yin irin na Commodore 128. Ni ma da haka nake gani, amma akwai sauran labari. Da masu rubuta manhaja suka lura cewa duk abin da suka yi wa tsohuwar zai yi aiki a sabuwar, sai yawancinsu suka ci gaba da yi wa tsohuwar kawai, don su sayar wa ɓangare biyu. Ƙarfin sabuwar ya zauna ba a mora sosai ba. Wato goyon tsohon kaya yana da tsada, kuma kowane kamfani akwai ranar da zai sauke goyon. Muna ganin haka a zamaninmu. Windows mai 64-bit ba ta buɗe tsofaffin furogiram masu 16-bit na zamanin Windows 3.1. Windows 11 da ta fito a 2021 ta gindaya sharuɗɗan da kwamfutoci da yawa 'yan gwanjo, irin waɗanda muke saye a Ikeja, ba su cika ba. Kamfanin Sony ma ya daina ƙera fulofi tun 2011. Ba mugunta ba ce, kasuwa ce, kuma ba za ta jira ƙungiyar Hausawan Agege ba.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin matsala tamu ta daban. A shekarun 1990 manhajojin rubutu ba su ba mu haruffa masu lanƙwasa ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka yi ƙoƙari suka ƙera nau'in haruffa na musamman, Allah Ya saka musu da alheri. Dabarar wancan lokaci ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana mata siffar ƙ ko ɗ. Matuƙar nau'in haruffan yana cikin kwamfutarka, za ka ga Hausa tsaf. Ranar da ka kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da shi, sai alamar asali ta dawo. Yau tsarin Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa, har a wayar hannu ana buga su, amma tsofaffin rubuce-rubuce ba za su gyara kansu ba, sai an zauna an sauya su.

Abin mamaki, waɗancan mujallu na Turawa sun fi faifansu tsawon rai. An ɗauki hoton shafukansu an ajiye a Internet Archive, kuma akwai manhaja irin VICE da ke kwaikwayon Commodore 64 a kwamfutar yau. Mai sha'awa zai iya kwafe furogiram na 1984 ya ga yana aiki. Sun tsira ne domin wasu sun ɗauki nauyin kwashe su daga tsohon mazubi zuwa sabo kafin lokaci ya ƙure.

Mu ma takarda ce ta cece mu. Wata dattijuwa ta ji ana cigiya a masallaci, ta aiko jikanta da kwafin mujallar. Ta adana shi a ƙasan adakarta fiye da shekara ashirin saboda akwai hoton marigayi mijinta a ciki. Sunaye talatin da ɗaya ne a shafin, mahaifin mai ƙorafi shi ne na bakwai. Da ba don ita ba, da yanzu ana zaman sulhu babu hujja a hannu. Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba mun fi kowa sanin cewa idan rigimar fili ta taso, takarda ake tambaya.

Saboda haka ga roƙona ga sakatarorin ƙungiyoyi da kwamitocin masallatai da makarantu, daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 har Sabo ta Ibadan. Kada a sayar da tsohuwar kwamfuta sai an buɗe kowane fayil a sabuwar an gani da ido. Duk abin da aka tsara da tsohuwar manhaja, a mayar da shi PDF tun tsohuwar kwamfutar tana numfashi, rubutun kuma a sauya haruffansa zuwa na Unicode. A ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a nan, ɗaya a gida Arewa. Abin da ya shafi fili da kuɗi da gado kuwa, a buga shi a takarda, a sa hannu, a raba wa mutum uku. Kuma ranar da za a je sayen sabuwa, kafin a tambayi farashi a tafi da tsohon faifai a aljihu, a ce wa mai shago ya buɗe shi a gabanku.

Har yanzu akwai faifai bakwai a ledar sakatare da ba mu san abin da ke cikinsu ba. Duk wanda yake da tsohuwar kwamfuta mai wurin fulofi da ke tashi, don Allah ya sanar da sakatare bayan sallar Juma'a.