Sai da Billy Boston ya kai shekara 90 suka tuna da shi

1/ Tun da Sarki Charles ya ba Billy Boston muƙamin "Sir" nake ganin mutane suna yabon Turawan Ingila, wai su ne suka san darajar mutanensu. Ni dai ban ga abin yabo ba. Bashi ne aka danne shekara da shekaru, sai da mai shi ya kai 90 aka biya. Ku biyo ni a wannan zaren. 🧵

2/ Na san wani zai ce waye kuma Billy Boston, mu da ba mu san komai ba sai Arsenal da Madrid. Ɗan wasan zari-ruga ne, baƙar fata, wanda ya yi tashe daga 1953 zuwa 1970. Ba sai kana kallon zari-ruga za ka gane abin da aka yi masa ba.

3/ Da farko ku sani zari-ruga iri biyu ne. Akwai na Union, mai 'yan wasa 15 kowane ɓangare. Akwai na League, mai 13. Boston ɗan League ne. Kuma dalilin da ya raba su gida biyu shi ne dalilin da ya sa ya yi wannan dogon jira.

4/ A ƙarshen ƙarni na 19, 'yan wasan arewacin Ingila leburori ne, masu haƙar kwal da masu aikin masaƙa a Yorkshire da Lancashire. In mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa, an yanke masa kuɗin ranar. Ƙungiyoyinsu suka ce a bari su riƙa mayar musu da abin da suka rasa.

5/ Manyan hukumar da ke Landan suka ce ina! Wai wasa na 'yan boko masu hali ne, wanda ya karɓi kuɗi ya zubar da mutuncin wasa. To ai mai cewa kuɗi ba komai ba ne, galibi ka duba aljihunsa za ka tarar cike yake.

6/ Ranar 29 ga Agusta 1895, ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, 22 suka ɓalle suka kafa tasu. Nawa ne kuɗin da ake wannan rigima a kai? Sule shida a rana. Sule shida fa jama'a.

7/ Daga nan Union suka kafa doka: duk wanda ya buga League, ko sau ɗaya, an kore shi har abada. Haka aka tafi shekara 100 cif, sai 1995 su ma suka fara biyan 'yan wasa a fili. Abin da suka yi ƙarni suna zagin talakawa a kai, shi suka dawo suka rungume.

8/ Yanzu mu dawo kan Boston. An haife shi 6 ga Agusta 1934 a Tiger Bay, unguwar tashar jiragen ruwa a Cardiff, babban birnin Wales. Mahaifinsa ɗan asalin Saliyo ne, mahaifiyarsa kuma tsatson Ireland. Unguwar baƙi ce, 'yan Afirka, Larabawa, Somalawa, duk a cakuɗe.

9/ Yaron ya taso da Union, kamar kowane yaro a Wales. Burinsa ya saka rigar Cardiff, daga nan ta ƙasa. Kowa ya ga yana da gudu da ƙarfi. Amma ƙofar ba ta buɗe ba. Wales ba ta saka baƙar fata a babbar tawagarta ta Union ba sai a shekarun 1980.

10/ Ku lissafa da kanku. Yaro yana ganiyarsa a 1953, ƙasarsa kuma sai bayan shekara 30 za ta yarda da mai irin fatarsa. Da ya tsaya jira, da tsufa ya riske shi a bakin ƙofa.

11/ Wigan, ƙungiyar League a arewacin Ingila, ta zo da fam 3,000 a 1953. Ya sa hannu. Da wannan sa hannun ya zama haramtacce a wasan garinsu har abada. Ba laifin da ya yi, illa ya karɓi ladan guminsa a wurin da aka yarda a ba shi.

12/ A zari-ruga babban ci shi ne ka ɗauki ƙwallo ka dire ta bayan layin abokan hamayya, ga ƙattai suna neman kayar da kai. Boston ya yi wa Wigan wannan direwa sau 478 a wasa 488. Kusan kullum ya shiga fili sai ya ci, shekara 15 a jere.

13/ Yana ɗan shekara 19, bayan wasanni ƙalilan a Wigan, aka ɗauke shi tawagar Birtaniya zuwa Ostireliya da New Zealand a 1954. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi wannan tafiya. Ya dire ƙwallo sau 36 a wasa 18.

14/ Sauran lissafin: wasa 31 ya yi wa Birtaniya. Ya ɗauki Kofin Duniya a 1960. A shekarar dai ya ci gasar ƙasa da Wigan. Sau shida ya buga wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley, ya ɗauka uku: 1958, 1959, 1965.

15/ A duk rayuwarsa ta wasa ya dire sau 571. Mutum ɗaya tak ya fi shi a tarihin wasan a Birtaniya, Brian Bevan ɗan Ostireliya. Duk wannan an kammala shi tun 1970. Babu abin da Boston ya ƙara a fili daga 1970 zuwa 2025 da zai sa a ce sai yanzu ya cancanta.

16/ To me ake jira shekara 55? Nan ne nake so masu yabo su ba ni amsa.

17/ Muƙamin "Sir", irin wanda muka sani gaban sunan Sardauna da Tafawa Balewa, ba baƙo ba ne a wasanni. 'Yan kurket sun samu, 'yan ƙwallon ƙafa sun samu, masu tseren mota da na keke sun samu.

18/ 'Yan Union kuwa ba a magana. Clive Woodward ya samu bayan Ingila ta ci Kofin Duniya a 2003, ko shekara bai jira ba. Ian McGeechan, Gareth Edwards, Bill Beaumont, duk sun samu. Ba na cewa ba su cancanta ba. Sun cancanta.

19/ Amma League, daga 1895 har Yuni 2025, shekara 130, ko mutum ɗaya ba a ba don wasan ba. Birtaniya ta ci Kofin Duniya na League sau uku, 1954, 1960, 1972. Ko ɗaya ba a ga wanda ya isa ba? Haba.

20/ Wannan ba mantuwa ba ce. Mantuwa ta shekara biyu ce ko biyar. Masu tsara jerin sunayen nan sun san makarantun da suka fito da wasan da ake yi a can. Wasan Wigan da Hull da Castleford na masu datti a farce ne, sai idonsu ya riƙa tsallake shi.

21/ Akwai masu cewa ai League ƙaramin wasa ne, 'yan garuruwan arewa kawai ke yi. To su je su duba wasan ƙarshe na Challenge Cup na 1954 da aka maimaita a filin Odsal na Bradford: mutum sama da 102,000 aka ƙirga. Garuruwan nan ba a cikin Birtaniya suke ba? Ba sa biyan haraji?

22/ Kuma wannan "ƙaramin wasan" shi ya riga kowa. Roy Francis, baƙar fata ɗan Wales, ya buga wa Birtaniya a 1947, daga baya ya zama koci a Hull da Leeds. Clive Sullivan, shi ma ɗan Cardiff, shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga Kofin Duniya a 1972.

23/ Sullivan ne baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar Birtaniya a babban wasa. A lokacin Ingila ba ta ma fara saka baƙar fata a babbar tawagar ƙwallon ƙafa ba, sai 1978 da Viv Anderson. Sullivan ya rasu 1985 yana ɗan shekara 42, babu "Sir".

24/ Kada a ɗauka ina wanke League tas. A 1957, bayan Kofin Duniya, tawagar Birtaniya ta biya ta Afirka ta Kudu don wasanni, lokacin mulkin wariyar launin fata. Boston bai buga ba, gida ya wuce. Hukumarsa ta gwammace a yi wasan babu shi da a fasa. Wannan tabo ne, kuma nasu ne.

25/ Wasu kuma na cewa to ai an ba shi yanzu, a bar kaza cikin gashinta. Ku ji yadda aka ba shi. Tun 2016 aka bayyana yana fama da cutar mantau. Ranar 10 ga Yuni 2025 aka kira shi Fadar Buckingham, kafin ma a fitar da jerin sunayen shekara, saboda halin lafiyarsa.

26/ Wato su da kansu sun ga lokaci na neman ƙurewa, shi ya sa suka yi sauri. Shekara 55 ana jan ƙafa, sannan a yi gudun kwana uku. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma wai mu tafa musu.

27/ Ko hakan ma ba haka kawai ya faɗo ba. Sai da 'yan majalisa daga garuruwan League suka dinga matsa lamba, har kakakin majalisa Lindsay Hoyle ya sa baki. Firaminista Keir Starmer da kansa ya amsa cewa kuskure ne na tarihi. In mai gida ya amsa laifi, kai baƙo me kake karewa?

28/ Masu cewa lambar girma ba ta da amfani, ai takarda ce da ƙarfe, ina jin ku. Amma in ba ta da amfani, me ya sa ake rowarta ga wasu? Ƙasa na faɗa wa yara wanda ya isa a yi koyi da shi ta wannan hanyar. Shekara 130 ana faɗa wa yaran Wigan cewa gwanayensu ba su kai ba.

29/ Kuma abin bai tsaya kan tsofaffi ba. Rob Burrow na Leeds Rhinos ya ci Super League sau takwas. A 2019 aka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi. Shi da abokinsa Kevin Sinfield sun tara miliyoyin fam don masu cutar. Burrow ya rasu Yuni 2024, yana da 41, lambarsa ba ta kai "Sir" ba.

30/ Wanda ya ga hoton Sinfield ya sungumi Burrow daga keken guragu ya tsallaka da shi layin ƙarshe a tseren Leeds na 2023 ya san me nake nufi. Su ma 'yan League ne.

31/ Waɗanda suka riƙe Boston da gaske su ne mutanen Wigan. Bai koma Cardiff ba, a can ya zauna. Sun sa wa ɓangaren filin wasansu sunansa, sun kafa mutum-mutuminsa a 2016. Cardiff da ta rufe masa ƙofa sai 2023 ta kafa nata, tare da Sullivan da Gus Risman.

32/ Ina taya dattijon da iyalinsa murna, wallahi har zuciya. Amma tafin nasa ne da na leburorin da suka cika fili suna kiran sunansa tun 1953. Masu rabon lamba kuma tambaya ɗaya nake musu: na biyun ma sai ya kai 90?