DAGA GABAN ALLO: Bayan Kwana Arba'in, Wa Ke Tambayar Uwa?

A wannan wata muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita a zangunanmu amma ba a faye yin ta a sarari ba, wato damuwa da fargabar da ke kama mata masu ciki da masu goyo, da kuma irin taimakon da ya kamata su samu daga gare mu.

Kowa ya san yadda muke yi idan an yi haihuwa. Tun ranar farko gida zai cika da 'yan barka, ranar bakwai a yanka rago a raɗa suna, a ci a sha. Duk wanda ya shigo sai ya karɓi jariri ya duba wa ya ɗauko, sa'an nan ya juya wajen uwa ya ce, "Sannu da arziki, yaya ƙarfin jiki?" Ita kuma ta ce, "Da godiya." Iyakar tambayar ke nan, iyakar amsar ke nan. Da an yi arba'in kuwa sai kowa ya kama gabansa, a bar ta da jariri da sauran yara da tukunya da tunaninta.

Iyayenmu na dā ba su bar mai jego haka ba. Mai cikin fari akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta. Wadda ta haihu a ɗakinta kuwa akan aiko mata da wata dattijuwa, goggo ko inna ko kaka, ta zauna da ita har ta gama wankan jego. Likitoci sun daɗe suna jan kunne game da yawan shan kanwa da tsananin zafin ruwan wanka, kuma ya kamata a ji maganarsu. Amma akwai wani alheri babba a cikin wannan al'ada wanda ba mu cika lura da shi ba. Dattijuwar nan ita ke karɓar jariri da dare domin uwa ta samu barci, ita ke girki, ita ke lura idan fuskar mai jego ta canja, ita ce kuma za a gaya wa abin da ba a iya gaya wa miji ko suruka.

To yau fa? A Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, iyali da yawa a ɗaki ɗaya suke, in an samu sarari ciki da falo, a gidan haya mai cike da jama'a. Ina za a ajiye baƙuwa har kwana arba'in? Kakar ma wataƙila tana Tamale ko Bawku, ko kuwa ita ma tana kasuwa tana neman abin sawa a baka. Dokar ƙwadago da ta haya ba ɗaya ba ce, amma duka biyun ba su kai ga talakar zango ba: dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da ya wuce na wata 6 a gaba, alhali kuwa na shekara ɗaya ko biyu ake nema, dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 tare da albashi, alhali mai sayar da koko da ƙosai ko wake da shinkafa a bakin titi ba ta da mai biyan ta idan ba ta hura wuta ba. Ga tsadar kaya, wadda a watan Disamba na 2022 ta haura kashi 54 cikin 100 a ƙasar nan. Ga kuma maigida wanda sau da yawa ya tafi neman kuɗi wata ƙasa, sai dai waya. Duk wannan kaya a kan mace ɗaya yake sauka, ga ta ba ta samu cikakken barci ba wata da watanni.

Kada wani ya ɗauka 'yan tsiraru ne abin ke samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kimanin mace 16 cikin 100 na masu ciki, da kimanin 20 cikin 100 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata larura ta tunani, mafi yawa ciwon damuwa. Wato idan mata goma masu goyo suka zauna a benci suna jiran awon jarirai, kusan biyu daga cikinsu suna ɗauke da wannan nauyi, ko da kuwa sun sha ado suna dariya.

Ya kamata mu bambanta abubuwa uku, domin ba duka ne ke buƙatar magani iri ɗaya ba. Na farko shi ne wanda ke zuwa kwana biyu ko uku bayan haihuwa, mace ta riƙa kuka ba dalili, ranta na saurin ɓaci. Wannan yana samun mata masu yawan gaske saboda canjin sinadaran jiki da gajiya, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu idan ta samu hutu da lallashi.

Na biyu shi ne ciwon damuwa da fargaba na sosai. Alamarsa ita ce abin ya wuce mako biyu bai tafi ba: ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita a ranta, gabanta na yawan faɗuwa, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, ko kuma tana ta tashi cikin dare tana duba ko yaron yana numfashi. Yana iya farawa tun da ciki, yana kuma iya ɓullowa watanni bayan haihuwa, lokacin da 'yan barka sun daɗe da watsewa. Matanmu ba safai suke cewa "ina cikin damuwa" ba. Abin da za ka ji shi ne, "kaina na ciwo kullum," "jikina ba ƙarfi," "ƙirjina ya yi nauyi," "tunani ya yi mini yawa." Sai a sayo mata maganin ciwon kai a kemis, a bar ainihin ciwon yana ci.

Na uku shi ne mafi haɗari, ko da yake ba shi da yawa, domin mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 yake kamawa, galibi a makonnin farko. Za a ga ta kwana da kwanaki ba barci, tana maganganu marasa kan gado, tana jin muryoyi, ko tana cewa jaririn ba nata ba ne. Wannan, ko kuma duk lokacin da uwa ta ambaci cewa gara ta mutu ko tana tsoron za ta cuci ɗanta, asibiti za a nufa a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a jira gari ya waye. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Abin takaici shi ne yadda muke fassara waɗannan alamu. Wasu su ce raki ne, wasu su ce rashin godiyar Allah ne tun da an ba ta ɗa lafiyayye, wasu su ce iska ce ta taɓa ta, wasu kuma su ɗora wa kishiya ko maƙwabciya. Mafi sauƙin magana a bakinmu ita ce "ki yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau, addu'a kuma ba abin da ya kai ta, amma ba mu taɓa ganin wanda ya ce wa mai hawan jini ta yi haƙuri kawai ta bar shan magani ba. Malamanmu na kirki su ma sukan yi wa mara lafiya addu'a sa'an nan su ce a kai shi asibiti. Bugu da ƙari, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba irin wannan, kuma sai an yi gwaji ake ganewa.

Mu malaman makaranta muna ganin ƙarshen abin a cikin rajista. Yaron da ya saba zuwa tsaf sai ya fara makara, ba wanka, ba karin kumallo. Yarinya 'yar aji biyar ta ɗauke ƙafa mako guda, in an bincika a tarar ita ke goyon ƙaninta da girki domin uwa na kwance, kuma an ce "ba abin da ke damun ta." Masana sun tabbatar cewa damuwar uwa tana shafar shayarwa da girman jariri da buɗewar bakinsa. Ashe ke nan wanda ya taimaki uwa ya taimaki aji guda na gobe.

Labari mai daɗi shi ne ciwon yana warkewa, kuma ba lalle sai an kwantar da mutum a asibitin masu taɓin hankali ba. Mun san abin da ke hana jama'armu motsi: da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Ankara, ko Pantang, ko Ankaful, sai gaba ya faɗi, a ce za a ɓata sunan gida, 'yan mata su rasa mazan aure. To tun shekarar 2012 aka yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta kafa hukuma ta musamman, manufarta kuwa a kawo wannan aiki kusa da jama'a. Saboda haka akwai nas-nas da aka horar a kan wannan fanni a asibitocin gundumomi da manyan kilinik na gwamnati. Ungozomar da ke awon ciki ko nas mai awon jarirai za ta iya haɗa mace da su ba tare da kowa ya ji ba. Akwai ma wasu tambayoyi guda 10 da aka tsara tun 1987 a birnin Edinbara, waɗanda cikin 'yan mintoci suke nuna ko uwa na buƙatar taimako. Mata da yawa zama da mai ba da shawara kaɗai ya ishe su. Wadda ke buƙatar ƙwaya kuwa, akwai irin da likita zai rubuta ta sha tana shayarwa. Game da kuɗi, tun 2008 awon ciki da haihuwa suka shiga ƙarƙashin katin inshorar lafiya kyauta, a 2024 kuma hukumar inshorar ta sanar da shigar da ciwon damuwa da na fargaba cikin cututtukan da katin ke ɗauka. Haka nan a 2023 majalisar dokoki ta soke hukuncin da ake yi wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, don haka ba sauran dalilin ɓoye irin wannan mara lafiya saboda tsoron 'yan sanda.

Amma asibiti ba zai san da wadda ba ta je ba. A nan ne aikinmu yake, kuma akwai abin koyi daga ƙasar Zimbabuwe. A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya ga likitoci irinsa ba su da yawa, sai ya horar da tsofaffin mata a birnin Harare, aka ajiye musu benci a harabar kilinik. Mai damuwa za ta zo ta zauna da kaka sau shida, ta faɗi abin da ke ranta, su jera matsalolin, su zaɓi ɗaya su nemi mafita, in abin ya fi ƙarfin kaka ta miƙa ta ga nas. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida, kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne suka rage da alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba kusan rabi ne. Idan muka duba da kyau, aikin dattijuwar wankan jego ne aka ƙara masa ilimi da tsari.

Mu kuwa ba mu rasa dattijai mata ba. Muna da magajiyoyi, muna da malamai mata a makarantun Islamiyya, muna da uwayen adashi da ƙungiyoyin zumunta. Shawararmu ita ce a kowane zango, Sarkin Zango da Magajiya su zaɓi mata biyu ko uku masu hankali, a gayyato nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa daga asibiti mafi kusa ta koya musu alamu da yadda ake saurare. Aikinsu shi ne leƙa kowace mai jego bayan arba'in, sa'an nan bayan wata uku, su keɓe da ita su tambaye ta barcinta da cin abincinta da abin da ke ranta. Sharaɗi mafi girma shi ne riƙon amana. Abin da ke rufe bakin matanmu shi ne tsoron kada maganar da aka faɗa da safe ta zagaye gidan biki da yamma. Matar da ba ta iya riƙe sirri, komai girmanta, ba ta dace da wannan aiki ba. Muna kuma roƙon limamanmu su ware ko da huɗuba ɗaya a shekara a kan wannan batu, domin abin da aka faɗa a kan mumbari ya daina zama abin kunya.

Saura mu maza. Ba da kuɗin cefane kaɗai bai sauke mana nauyi ba. Ɗaukar jariri na sa'a biyu domin uwa ta runtsa bai taɓa rage wa namiji girma ba, haka ma raka ta awo. Idan ta ce tunani ya yi mata yawa, a zauna a saurara kafin a fara wa'azi. Surukai da dangin miji su ma su sassauta harshe, domin kalma ɗaya ta gori tana iya kwana arba'in a zuciyar mai jego. Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu goyo, faɗin abin da ke damun ku ba tonon asirin aure ba ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Saboda haka idan mun je barka nan gaba, bayan mun karɓi jariri mun sa masa albarka, mu tuna mu sake komawa gidan bayan taro ya watse, mu tambayi uwar, mu kuma tsaya mu ji amsa. Allah Ya ba iyayenmu mata lafiya da kwanciyar rai, Ya raya mana zuriya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.