Zafin Ciwo Ba Ya Jiran Takarda

Ya ku malamai da almajirai na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ga wani al'amari da na gani da idona.

Shekarun baya na raka ɗan maƙwabcina asibiti. Yaron yana da amosanin jini, wato sikila, ciwon ya taso masa cikin dare, yana birgima kamar ana sarar ƙasusuwansa. Sunan gidansu na cikin inshorar lafiya, amma akawu ya ce ba za a kwantar da shi ba sai lambar izini ta zo. Tun hantsi muke zaune har la'asar. Da uban ya gaji, ya ci bashi ya biya.

To, ku san mafarin abin. Inshorar lafiya ta tarayya ta soma aiki a 2005, biyanta kuwa iri biyu ne. Ƙaramin asibiti ana ba shi kuɗi ƙayyadadde bisa kowane mutum da aka rubuta masa, ana ƙidayar kai kamar jangali, duk maganin da ya bayar daga ciki zai fita. Babban aiki kuwa, irin tiyata da allurar kashe zafi da ake yi dominta, ba a biya sai kamfanin da ke tsakani ya ba da lamba. Saboda haka asibiti yakan ji tsoron asara, majiyyaci ya yi ta jira.

Ga kuma wata wahala. Mofin, maganin zafi mai tsanani, hukuma ta tsare shi ƙwarai don gudun masu shaye-shaye, galibi sai a manyan asibitoci kamar na Katsina ko Shika ake samunsa. Kun san nisan hanya daga Sabuwa, kun kuma san halin da take ciki. Wanda ya rasa, sai ya faɗa wa tiramol na kemis, ya gudu daga wani ciwo ya shiga wani.

Amma doka tana bayanku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiyar jama'a. A 2022 aka wajabta inshora kan kowa. A 2025 hukumar inshora ta ƙasa ta umarci kamfanoni su ba da lamba cikin awa 1, mai gaggawa kuwa a fara yi masa magani, lamba ta biyo baya.

Roƙona biyu ne. Hukumar asusun lafiya ta Jihar Katsina ta bayyana wa jama'a da Hausa irin maganin zafin da take biya, ta kuma riƙa biyan asibitoci kan kari, don kada su yi nawar taimako. Ku kuma malamai, ku karanta wa mutanenku wannan takarda, wanda bai rubuta sunansa ba ya je ya rubuta. In kun kai mara lafiya aka ce ku jira, ku nemi shugaban asibiti cikin ladabi, ku tuna masa da doka. Haƙƙin da mai shi bai sani ba, da wuya ya same shi.

Haza wassalam.