Takarda ɗaya ta ishe mu daga Legas zuwa Kwatano

A wannan fitowar ina so in taɓo wata magana da ta shafi 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, musamman masu kai da kawo tsakanin Legas da Kwatano da Lome har Kumasi.

Tun 1979 shugabannin ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, aka kasa ta mataki uku: shiga ƙasa ba biza na kwana 90, sai 'yancin zama, sannan 'yancin kafa sana'a, wanda aka amince da shi a 1990. Na farkon kowa ya ɗanɗana shi. Na ukun kuwa, sama da shekara talatin ke nan, yawancinmu a takarda kawai muka san shi. A ganina, babban abin da ya riƙe shi shi ne ofisoshin gwamnatocinmu ba sa jin maganar juna.

Alal misali, a ɗauki mai sayar da takalma a Agege. Ya yi rajistar kasuwancinsa da hukumar CAC, yana da lambar NIN, yana da lambar biyan haraji, ba wanda ke bin sa bashi. Ya ga ciniki ya buɗe a Kwatano, yana son ya kama shago. Da ya tsallaka Seme, duk waɗannan takardu sun zama kamar ba a yi su ba. Sai a fassara su zuwa Faransanci, a buga hatimi, a sake hoto, a nemo ɗan kamasho da zai riƙa zaga ofisoshi, kowane zagaye da kuɗinsa. Mai ƙaramin jari ba zai jure wannan ba, shi ya sa yakan ɓuya a bayan sunan wani ɗan gari. Ranar da suka ɓata, shago da kaya na mai suna ne, shi ko ƙara ba ya iya kaiwa. Abin haushi, Nijeriya tana yin rajistar kasuwanci ta intanet, Jamhuriyar Benin ma ta fara tun 2020. Rijiya biyu ce kusa da juna, ba a sa bututu tsakaninsu ba.

Wasu sun sa nasu bututun. Ƙasar Istoniya ta kafa tsarin X-Road a 2001 domin ma'aikatunta su riƙa karɓar bayanai daga juna, a 2018 kuma ta haɗa shi da na maƙwabciyarta Finlan. A wannan shekara ta 2018 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tanadi cewa takardar da wata hukuma ta riga ta mallaka, ba sai an tilasta wa mutum ya sake ɗauko ta da hannu zuwa wata ƙasa ba. Idan ya yarda, hukumar can ta tambayi ta gida kai tsaye. Kada wani ya ce ai wannan sai Turawa. A nan yankinmu, tun 2019 aka ƙaddamar da tsarin SIGMAT, inda kwastan na ƙasashe ke aika wa juna bayanin kayan da ke ratsawa. To idan za a iya ba da labarin tirela kafin ta iso iyaka, me zai hana a ba da labarin mai tirelar?

Mu mazauna Sabo da Ama Awusa mun fi kowa sanin amfanin wannan. Mun san yadda ake duban hular mutum kafin a dubi fayil ɗinsa, mun san "je ka kawo takardar shaidar asali" ko da a nan aka haifi kakanka. Kwamfuta ba ta ganin hula, ba ta jin karin harshe. Amma fa abin da aka zuba mata shi take tambaya. Idan aka saka gurbin asalin ƙaramar hukuma a cikin fom, an mayar da wariyar nan cikin na'ura ke nan, ita kuwa ba a roƙonta. Don haka ya kamata ƙungiyoyinmu su rubuta wa wakilanmu a majalisa tun yanzu cewa inda mutum yake zaune da inda yake biyan haraji su ne abin tambaya, kamar yadda sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali.

Ban ce intanet za ta warkar da komai ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta ɗora wa baƙon da ke son saye da sayarwa jarin dala miliyan 1, kuma mun ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Wannan aikin 'yan siyasa ne. Haka nan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara dagula lissafin masu fataucin albasa da dabbobi.

Akwai kuma laifin da yake namu. Mutum ɗaya, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a banki Mohammed, a takardar shago Mamman, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Yau akawu na iya kau da kai ya wuce da fayil. Ranar da na'urori suka haɗu, za su ɗauke shi mutum uku, su rufe ƙofa. Duk maigidan da ya san sunansa ya saɓa a takardunsa, ko yana kasuwanci da sunan wani, ya je ya gyara, ya kuma duba na matansa da 'ya'yansa masu sana'a. Wanda bai iya cike fom ba ya nemi sakataren ƙungiya a reshensu.